Tarkon da Yamusa ya bari a cikin na'ura

Talata, 12 ga Nuwamba, 1991

Yau wata mata ta zo daga ofishin mijina Yamusa. Perpetual sunanta, 'yar Binuwai, doguwa, da gilashin ido. Ta zo jana'izarsa a watan Agusta amma ban riƙe fuskarta ba. Na ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna a kan bencin keken ɗinki.

Ta ce aikin da mijina ya yi shekara biyu yana yi, wanda ke sa kwamfuta ta zana fulotai da tituna, ya ƙi tafiya. Yana fara zane, ya kai wani wuri, ya tsaya cak. Kullum wuri ɗaya. Ta ce ba lalacewa ya yi ba, Yamusa ne ya tsayar da shi da hannunsa. Ta tambaye ni ko ya bar takardu a gida.

Na ce zan duba.

Da ta tafi na yi ta tunani. Yaya mutum zai tsayar da abu, wata uku bayan an binne shi abin yana nan tsaye?

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na je ofishin. Ban taɓa shiga ba sai yau. Daga Nyanya zuwa Garki motoci cike da kabad da kujeru daga Legas, har wani tebur na gani ɗaure a kan tasi, ƙafafunsa sama. Kowa na cewa ranar sha biyu ga watan gobe gwamnati za ta tare a sabon babban birnin nan gaba ɗaya.

Ɗakin da sanyi kamar cikin randa. Perpetual ta kunna na'urar, injin da ke riƙe da biro ya fara zane a kan babbar takarda, da sauri, gwanin kyau. Titi, kwana, fuloti, fuloti. Sai biron ya ɗaga kai ya tsaya. Rubutu ya fito a gilashin na'urar. Ta karanta mini: wai na'urar ta taka tarko, kuma ba ta san wanda ya ɗana shi ba.

Na ce, "Tarko kamar na ɓera?"

Ta yi dariya. "Kusan haka, Maman Cynthia. Amma wannan tarko ba ya kashewa, yana riƙewa ne kawai."

Na tsaya ina kallon biron a sama. Wurin da hannunsa ya taɓa na ƙarshe ke nan, ina jin. Ban yi kuka ba. Abin mamaki, so nake in san yadda aka yi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na buɗe jakarsa. Na riga na san abin da zan tarar. Kusan babu komai.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Gara in rubuta a nan tunda na kasa faɗa wa kowa.

Yamusa yakan kawo mini takardun kwamfuta, masu faɗi, masu layin kore da huji-huji a gefe. Babu takardar da ta kai su daɗin yanka fasalin riga. Ƙa'idarmu ita ce wadda ya ja wa jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa tawa ce, yana ajiye mini a ƙarƙashin gado. Ta cikin jaka ba a taɓawa. Shekara shida ban karya ba.

A watan jiya zumuntar mata suka kawo ɗinkin rigunan bikin Kirsimeti, mutum ashirin da biyu, kowa da girmanta. Na ƙarƙashin gado suka ƙare. Na sa hannu a jakar na ɗiba. Ban duba jan biro ba. Ban ma yi tunani ba, kaina ba ya tare da ni a lokacin.

Aikinsa na ƙarshe na mayar da shi gaban riga da bayan riga da hannu.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na faɗa wa Perpetual. Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. Sannan ta ce, "Kin ƙona su?" Na ce a'a, suna rataye a ƙusa. Ta ce to Allah ya taimake mu.

Na roƙe ta ta yi mini bayani a hankali, don firamare kaɗai na gama. Ga abin da na riƙe, in na yi kuskure nawa ne.

Na'ura ba ta da wayo. Umarni take bi, ɗaya bayan ɗaya, dubbai, cikin ƙiftawar ido. Yamusa yana rubuta mata a wani yare da suke kira Lisp, wanda na sha gani a takardun, baka-biyu cikin baka-biyu kamar an zubar da farce. Ita kuma tana mayar da shi lambobi. In mutum yana son ya ga abin da take riƙe da shi a tsakiyar gudu, sai ya ɗauke umarni guda daga layin ya sa tarko a gurbinsa. Tarkon haruffa biyu ne kawai, CC. Ta nuna mini su a gilashin. In na'ura ta taka, sai ta tsaya ta kira wani ɓangare nata, Perpetual ta ce in ɗauke shi kamar maigadi. Maigadin yana da jerin duk tarkon da aka ɗana da abin da aka ɗauke a kowane wuri. Shi zai nuna maka komai, in ka gama kallo ya mayar da umarnin gaskiya, na'ura ta yi taku ɗaya, ya sake mayar da tarkon a bayanta.

Na ce kamar yadda nake kafa fil a wurin da zan dawo in duba. Ta ce eh, sai dai a nan sai kin zare zare ɗaya kafin fil ya shiga, kuma dole ki ajiye zaren.

Matsalar ita ce Yamusa ya adana aikin da tarkon a ciki, jerin maigadin kuwa bai shiga ajiyar ba. Yanzu maigadi yana ganin tarko bai san abin da ke wurin a da ba. Asalin rubutun Lisp ɗin kuma yana cikin faya-fayen da ya je Legas ɗaukowa. Suna cikin motar da ta yi hatsari da shi. Ba a samu ko faifai ɗaya da rai ba.

Ta ce Yamusa ba ya yarda da ƙwaƙwalwar na'ura, kullum sai ya rubuta abin da ya ɗauke da fensir a gefen takarda. Wannan na yarda. Mutumin da ke rubuta ranar da ya sa batir a rediyo.

Muna cikin haka Oga Bernard, shugabansu, ya shigo. Ya gaishe ni da kyau, ya yi mini gaisuwar rashi. Sannan ya juya ga Perpetual ya yi Turanci, a zatonsa ba na ji. Na ji isasshe. Zuwa Juma'a shida ga Disamba in aikin bai tashi ba za a goge shi a kawo wani daga Legas, a rubuta a rahoto cewa marigayi ya bar aiki a lalace.

A lalace. Yamusa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na tambaye ta me ya sa ba za ta yi canki ba. Ta ce ta duba umarnin da ke gaba da na baya, abu biyu ne za su iya zama a wurin, 89 ko 8B. Ɗaya yana ɗauka daga hannun dama ya sa a hagu, ɗayan daga hagu ya sa a dama. Duk wanda ta sa na'ura za ta wuce ba gardama. In ta sa wanda ba shi ba, za ta yi ta zane ba daidai ba, ba wanda zai sani sai an kafa duwatsu a filin mutane.

Wannan ya fi tsayawar ba ni tsoro. Abu ya yi kuskure yana tafiya lafiya lau.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na ture keke gefe, na share ɗaki, na sauke takardun daga ƙusa. Guda sittin da wani abu. Na shimfiɗa su a ƙasa ina haɗawa. Layin kore yana taimakawa, da hujin gefe, da lambobin da ke farkon kowane layi. Bayan rigar Mama Elizabeth ya haɗu da wuyan rigar matar fasto. Da na ga haka sai da na yi dariya ni kaɗai, don su biyun ba sa ga maciji.

Ƙananan ɓarɓashin da na share tun tuni ba su dawowa. Addu'ata kada rubutun ya faɗa cikinsu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Na ce kaina ke ciwo. Ina ƙasa a durƙushe da takardu.

Talata, 26 ga Nuwamba

Perpetual ta zo da rana, ta tuɓe takalmi ta durƙusa tare da ni. Shafi goma sha ɗaya muka haɗa, na ɗinke su da dogon zare don kada su watse. Ta bi da yatsa har ta kai shafin da tarkon yake. Ga layin fensir ɗinsa, kibiya, ta tafi gefen dama, sai rami. Ramin siffar hannun riga ne, ƙarami, mai tattara a kafaɗa.

Ta ce, "Ina wannan hannu ya tafi?"

Na zauna ina tunani har shayin da na ba ta ya huce. Hadijatu. Tare muka koyi ɗinki, yanzu tana aure a Orozo. Ta zo mini gaisuwa a watan jiya ta ga hannun ya burge ta, na ce ta ɗauka.

Tambayar da ta tsaya mini: in na'ura tana tsaye a tarko, ta san tana jira? Perpetual ta ce ba ta san komai ba, a wurinta babu jiya babu yau, in aka sake ta za ta ci gaba kamar ba ta taɓa tsayawa ba. Na ce ta ji daɗi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Orozo. Tun watan Agusta ban yi tafiyar da ta wuce Garki ba, gabana sai faɗuwa yake duk sanda direba ya wuce wata mota. Ana ta girbin dawa a hanya.

Na tarar da Hadijatu tana sheƙe wake a tsakar gida. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni ta ce, "Ke Hannah, tun daga Nyanya saboda hannun riga? Da kin aiko ai sai in yanka miki goma." Na yi mata bayanin tarko da maigadi. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "To shi maigadin nan, wane irin maigadi ne da ba ya riƙe abin da aka ba shi ajiya? A kore shi mana."

Fasalin hannun ba ya cikin takardunta. Muka zazzage kwali biyu. Sai ta buga cinya, ta shiga ɗaki ta fito da kwanon da take ajiye maɓallai. Ashe ta shimfiɗa shi a gindin kwanon ne don tsatsa. Ga zoben tsatsa a tsakiya, ga hujin fil ko'ina.

Rubutunsa yana nan a wajen tattarar kafaɗa. 8B, ya zagaye shi. A ƙasa, da Hausa, ƙanana: "Na gyara kwanar. Saura in cire tarko ran Litinin."

Ran Lahadi aka yi hatsarin.

Hadijatu ta zuba mini wake a leda, ta raka ni har bakin titi tana riƙe da hannuna kamar yarinya.

Litinin, 2 ga Disamba

Perpetual ta goge CC ta sa 8B. Abin bai kai minti ɗaya ba. Na ɗan ji haushi, wata uku da rabi, da tafiya Orozo, a kan wannan.

Ta kira Oga Bernard. Ta ce ni zan danna. Na ce a'a, ta ce, "Maman Cynthia, danna kawai, ba ya cizo." Na danna. Biron ya sauka, titi, kwana, fuloti. Da ya kusa wurin na riƙe numfashi. Ya wuce. Bai ko rage gudu ba. Ya zana wata doguwar kwana mai kyau da ban taɓa gani ba, ya ci gaba har ƙarshen takarda.

Suka ɗora zanen a kan awon masu safiyo a jikin taga, layi ya hau layi. Oga Bernard ya karanta rubutun fensir ɗin, Hausarsa ba ta da ƙarfi, sai da na karanta masa. Ya ce za a rubuta cewa marigayi ya kammala aikinsa. Na ce a rubuta da sunansa cikakke. Ya ce to, Madam.

A mota ne kukan ya zo. Ba na murna ba ne. Ashe ina son wurin nan da yake tsayawa. Yanzu babu shi, ba ma za ka iya nuna inda yake ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Jiniya tun safe, an rufe hanyoyi. Ban fita ba. Na gama riguna huɗu.

Laraba, 18 ga Disamba

Na kai wa Perpetual rigar da na ɗinka mata, shuɗiya, ta yi mata daidai sai kafaɗa da zan rage kaɗan. Ba wani dalili ne ya kai ni ba, gwaji kawai.

Tunda ina wurin na tambaye ta abin da ke damuna: a wannan taku ɗaya da maigadi ke cire tarko, in na'ura ta yi tsalle ta tafi wani layi daban fa, wa zai mayar da shi? Ta kalle ni ta saman gilashi, ta ce wannan tambayar ta ba mutane wahala sosai, ta jawo mini kujera. Mun kai awa biyu. Ta bar ni na ɗana nawa tarkon a wani ƙaramin shiri da ke ƙirga ɗaya zuwa goma. Na tsayar da shi a bakwai, na leƙa, ga bakwai ɗin a hannunsa. Na sake shi, na kuma tsayar da shi. Sau biyar, har ta ce in bar bawan Allah ya kai goma.

Ta ce in zo ran Asabar in ina so. Ban ce eh ba. Sai na ga yadda ɗinki ya yi. Na dai sayi littafin rubutu mai layi a tashar Nyanya, don tambayoyin suna da yawa kuma ina mantawa. Cynthia za ta dawo hutu jibi, sai in sayo doya.

Na duba sama yanzu, ashe ban rubuta sunansa ba yau.

Yamusa. To, na rubuta.