An Rufe Ni da Surukina a Zaure Ɗaya

Zuwa ga Malam Bawa Akawu, shugaban zaman Tafkin Marke, Gwandu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Ɗanjuma, wakilin masuntan Diggi ta ƙasar Kalgo, mu da muke zuwa su a tafkin nan kowane rani tun zamanin kakanni. Ina so a karanta wasiƙar nan a bainar jama'a, don mutanen garinmu sun fara kirana kurma.

Na ɗaya. A bazarar bana ka tara mu, manoma da makiyaya da masunta, mu rubuta ƙa'idar tafki don a daina faɗa. Madalla. Ka ba mu labarin da ka ji a bakin wani Bature, cewa mutanen Amirka da za su rubuta kundin mulkinsu sai suka shiga ɗaki, suka rufe ƙofa da tagogi, suka yi alkawarin magana ba za ta fita ba. Labarin ya yi mana daɗi. Kai kuwa ya yi maka daɗi har ya wuce, ka sa aka toshe zaure da zana, ba shiga ba fita. A zafin Gwandu fa! Ardo sai da ya cire rawani yana fifita da malafa.

Na biyu, kuma nan ciwon yake. Sai da aka rufe ƙofa na ɗaga ido, wa zan gani? Malam Ummaru na Kambaza, uban matata, zaune daf da ni, shi ne wakilin masu albasa. Ranka shi daɗe, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, in na hango shi a kasuwa lungu nake shiga. Da ƙofa a buɗe take da na sulale na turo yayana. To ina hanya?

Na uku. Malam Ummaru shi ya kawo shawarar cewa ba za a buɗe tafki a yi su ba sai an cire albasa, shanu kuma sun gama sha sun tashi. Haba! A lokacin me ya saura a tafki in ba taɓo da kwaɗi ba? Magana ta cika mini baki, amma ta yaya zan musa wa suruki? Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma. Kai kuma ka duba ka ce Diggi ta yi shiru, ka rubuta ta yarda. Wallahi ba yarda ba ce, kunya ce. Ban san ko Amirkawa suna da surukai ba, amma in suna da su, ina tabbatar maka ba su haɗa su ɗaki ɗaya ba.

Kifin nan shi muke bandawa mu musanya da gero mu ci har damina ta wuce. In ƙa'idar ta tsaya haka, gidajenmu ba su da tuwo.

Roƙona kaɗan ne. Da bakinka ka ce Amirkawan sun bar hanyar gyara a kundinsu. Tunda ka ɗauko rufe ƙofa, ka ɗauko wannan ma. A sake zama a kan wannan magana ɗaya, a ƙarƙashin bishiya, yayana ya tsaya mana. A bar mu mu yi su tun da sauran ruwa. Kuma nan gaba a tambayi wa ke auren 'yar wa kafin a ja zana.

A hanzarta don Allah. Jiya Malam Ummaru ya aiko wa 'yarsa cewa bai ga bandar kifin da nake kai masa kowace shekara ba, ko lafiya? Har yanzu na rasa wanda zan aika ya gaya masa dalili.

Allah shi ƙara maka basira, shi raba ka da zaman gaban suruki.

Wassalam,
Ɗanjuma Masunci, Diggi.