Gashin Baffanki a Cikin Ganyen Bagaruwa

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya yi wa aikinki albarka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Innarki da ke sanar da mu hadari tun kafin rediyo ya faɗa.

Ganyen da kika nema na tsinko, na shanya a inuwa yadda kika ce, na gawo daban, na bagaruwa daban, na farar ƙaya daban. Na kuma karanta wa mutanen gida bayaninki, cewa a ɗakin bincikenku kuna niƙa ganye ku duba ƙwayoyin halittarsa, ku gane wace bishiya ce ta fito daga tsatson wace. Da na zo inda kika ce gawo, wanda masana suka daɗe suna lissafa shi gida ɗaya da bagaruwa, ashe dangin nesa ne, kowa ya yi dariya. Innarki ta ce dama ita ba ta taɓa yarda da bishiyar da ke zubar da ganye da damina ba. Baffanki mai gyaran keke kaɗai bai yi dariya ba.

Ke yarinya ce, ba ki san maganar ba. Tun muna ƙanana ake raɗe-raɗin cewa ba kakanki ne ya haife shi ba, kawo shi aka yi yana jariri. Waɗanda suka san gaskiya duk sun kwanta dama. Ni na ɗauka ya manta, ashe da abin ya yi furfura.

Washegari ya dawo daga wurin wanzami da gashin gemunsa ƙunshe a takarda. Ya ce tunda injinku yana gane dangin itace, ba zai rasa gane na mutum ba, in ba da nawa a gwada. Na ce masa ni ba bagaruwa ba ne. Tun ranar a shagonsa yake cin abinci, a tsakanin tayoyi, tabarmarsa tana nan a jingine a zaure.

Na yi ta juya abin, har na ga cewa ni ba a taɓa nuna ni da baki ba, saboda haka ban san nauyin da yake ɗauke da shi ba. Za ki ga ƙulli biyu a ƙarƙashin ganyen. Mai yawan nasa ne, kin san nawa gemun bai taɓa yin abin kirki ba. In ba aikinku ba ne, ki kai wa masu yi. Abin da ya fito, ki kira shi ki faɗa masa shi kaɗai, a hankali. Ni kada ki gaya mini. Ni na goya shi har ya yi ƙafa, bayana ya riga ya ba ni amsa.

Innarki da Gwaggo da Yayarki suna gaishe ki. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan mai sunana. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne,
Babanki