Ɓargon da na ba ƙanwata

Anti Losa, don Allah ki ba ni shawara, na gaji.

Direban bas ne ni a garin Logan, ɗan asalin ƙasar Tonga, shekarata hamsin da uku. Shekara huɗu ke nan da aka yi wa ƙanwata Kalolaine dashen ɓargo saboda kansar jini. Cikinmu 'yan'uwa shida, nawa kaɗai ya dace da nata. Ta warke, har ta koma waƙa a coci.

Watan jiya likita ta kira ni. Jinin Kalolaine ya fara ja baya, kuma tangarɗar da suka gano a ƙwayoyin halittarsa daga gare ni ta fito. Wataƙila gado ce, don haka suna son gwada ni da 'ya'yana uku. Ni kuwa ko mura ba ta cika kama ni ba.

Kin san al'adarmu. Namiji ba ya zancen jiki da 'yar'uwarsa, ko ɗaki ɗaya ba ma daɗewa a ciki. Lokacin dashen ma gwaggonmu Seini ce ta shiga tsakani, kuma ta rasu bara. Yanzu na rasa yadda zan gaya wa ƙanwata wannan magana. Ga shi duk Lahadi sai Kalolaine ta aiko min da lu, ganyen gwaza da nama, wai na wanda ya ceci ranta. Sati uku ke nan ina ba maƙwabta. Na kasa cinsa. Asibitin ma na ƙi komawa.

Wanda Ya Gaji

Ɗan'uwa, sannu da wannan kaya.

Ba cuta ka ba ta da gangan ba. An gwada ka kafin dashen, kuma ba kowace tangarɗa gwaji ke kamawa ba. Shekara huɗun da ta yi tana waƙa, da ɓargonka ta yi su.

Kunyar da ke tsakaninku mutunci ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Amma ba a yi ta don ta hana 'ya'yanka gwaji ba. Koma asibiti satin nan. Tunda gwaggo ba ta nan, matarka ko wata dattijuwar coci ta kai saƙonka.

Sai ka lura da wannan: likitocin da suka kira ka, da wuya a ce ba su fara zama da ƙanwarka ba. Ina kyautata zaton ta riga ka sani, kuma ba ta fasa girkin ba. Lahadin nan, ka ci abincinka, ka mayar mata da kwanon da hannunka.

Allah ya ba ta lafiya, ya sassauta maka.

Anti Losa