Jan Biron Maman Yun

Zuwa ga Guifen, hasken ɗakina, inuwata a tsakiyar rani, ruwan farkon damina a kan gonar shayinmu. Maman Yun, rijiyar da na shekara ashirin ina sha ban taɓa leƙa zurfinta ba!

Gaisuwa daga mijinki mai taurin kai, daga nan bakin teku inda muke waldar jiragen ruwa. Kada ki yi wa rubutun dariya, hannun da ya saba da ƙarfe ba ya jin maganar biro. Na ɗauki takarda ne don wata huɗu ke nan in na kira ki sai ki ce, "Yun na karatu," ki kashe. Ban ga laifinki ba. Magana zarar bunu ce, ni kuwa na zaro tawa a gaban dangi.

Kin tuna teburin sabuwar shekara a gidan yayanki? Fuskarki sai sheƙi take kina ba da labari: Malama Fang, mai koya wa 'yarmu Yun Turanci, ta ce a yage shafukan amsa daga bayan littafin gwajin Turanci, ke ce mai riƙe su. Kullum Yun ta karanta labarai huɗu, ta amsa tambaya goma sha biyar, ke ki duba. Sai ni, sarkin sani, na buɗe baki: "Ke? Ke da kika bar aji kika kama tsinkar shayi? Makaho ya ja makaho ke nan! Tsaya kan tukunyarki, bar Turanci ga masu shi." Yayanki har da buga tebur. Ke kuwa kika ɗebo kifi kika zuba mini a kwano, kika ce, "Ci, Babban Malami, kada ya huce." Na ci kuwa, ko kunya.

Shekaranjiya saƙonki ya iso: kwalba uku na yajin barkono da wake, kowace an naɗe ta da takardu don kada ta fashe. Ina warwarewa Tsoho Meng, abokin aikina, ya leƙo ya ce, "Kai Tang, yaji aka aiko maka ko jarrabawa? In jarrabawa ce ka faɗi tun yanzu, miƙo kwalbar." Har na dunƙule takardar farko zan jefar, sai idona ya faɗa kan jan biro. Na san hannunki, rabin raina, ko a cikin dubu. Na zauna a kan bokitin fenti na shimfiɗe su ɗaya bayan ɗaya a gwiwata.

Turancin dai bai ce da ni komai ba, layi-layi kamar tururuwa sun fito kiwo. Amma a ƙasan kowace takarda kin bar 'yan kalmomi da harshenmu. Ta watan tara: "Biyar cikin sha biyar. Ta yi kuka. Na dafa mata ƙwai." Ta watan goma: "Labarin yau na wasu tsuntsaye ne masu ƙaura. Na ce ta faɗa mini abin da ke ciki. Na tambaye ta me ya hana su zama wuri ɗaya. Tana cikin yi mini bayani sai ta dafe kai ta ce, 'Mama, ashe amsar C ce!' Gobe ma za ta ba ni labari." Daga nan na ga takwas, na ga goma, na ga an koma bakwai, na ga sha ɗaya.

Sai na zo kan ta kwana uku bayan sabuwar shekara. Kin san abin da kika rubuta, amma bari in maimaita don ya ƙara shiga kunnena: "Babanta ya ce ban san komai ba. Gaskiyarsa. Shi ya sa take yi mini bayani." Wayyo Guifen! Tartsatsin wuta ya sha faɗa mini a wuya ban yi hawaye ba, wannan layin ya sa na juya wa Meng baya na ce barkonon ne. Ya ce, "Barkonon da ba ka buɗe ba?"

Ta ƙarshe kuwa dariya ta ba ni: "Sha huɗu. Ɗayar ma ta rantse littafin ne ya yi kuskure. Halin ubanta."

Da me zan gode miki? Wace kalma ce za ta ɗauki wannan kaya? Kin bar gidanki, kin ba maƙwabta kajinki, kin bar shayi ya tsufa a kan itace, kin kama ɗaki ɗaya a bayan makaranta, gadonki bayan labule, murhunki a baranda. Kina ɗauke da amsoshi a aljihun rigar girki kamar mai gadin taska. Kin zauna gaban yarinya kina tambayar abin da masu ilimi ke jin kunyar tambaya, har ta koyi karanta labari don ta fahimce shi, ba don ta tsere masa ba. Ni da nake ganin aiko saƙo ƙarshen wata shi ne uba, ashe gora ce ke, iska ta kwantar da ke ki miƙe, rumfar gidan duk a kanki take. Na gode, sanyin idona. Na gode da ƙwan, na gode da tsuntsayen, na gode har da kifin da kika zuba mini ranar da duka ya kamace ni.

Ban sani ba ko da gangan kika naɗe yajin da waɗannan takardu. Na san ba kya zubar da takarda. Amma na lura a jere suke, wata bayan wata, ke kuma ba kya jifa a banza.

Ga roƙona. Na karɓi hutu, ranar shida ga watan shida zan sauka. Ranar takwas da yamma, sa'ad da Yun za ta shiga jarrabawar Turanci ta neman gurbin jami'a, ina so in tsaya a ƙofar makaranta kusa da ke, kafaɗa da kafaɗa, ki sa jar rigarki, ni in riƙe miki lema. Ba na so in tsaya tsallaken titi kamar baƙo ina hangen matata a cikin taro. Wurin nan na kusa da ke shi kaɗai nake nema, kuma ke kaɗai ke da ikon ba da shi.

Yun ta faɗa mini tana da littafin kurakurai: duk tambayar da ta faɗi sai ta yanke ta, ta manna a ciki, ta yi ta sake ta har ta ci. Na sayi nawa a shagon bakin ma'aikata. A shafin farko na rubuta maganar da na yi a gidan yayanki, ban rage ko kalma ba. Wannan wasiƙa ita ce sabuwar amsata. Ki ciro jan biron nan ki duba ta, Malama. In na ci, ɗauki hoto ki turo mini. In na faɗi, ki ja mini layi, zan sake. Littafin shafi tamanin ne da shi.

Naki tun ranar da na karɓar miki kwandon shayi a kan tudu, naki har hannun nan ya kasa riƙe ƙarfe da biro,

Tang Shoulin, ɗalibinki na biyu.