Jar waya mai tudu uku

Baba,

Na tarar kana barcin rana, ban so in tashe ka ba, ga motar wurin aiki tana jirana a ƙofa.

Na duba batirin sola. Fis ɗin da ya ƙone da safe ba jabu ba ne kamar yadda ka ce wa Umma. Wayoyin ne aka juya, baƙar ta hau kan +, jar ta koma kan −. Allah ya taƙaita, na'urar inbata lafiyarta ƙalau. Na sa sabon fis, firji ya tashi, allurar Umma tana cikin sanyi.

Na gan ka ɗazu ka kai wayoyin biyu bakin taga kana ƙanƙance ido. Ban faɗa wa kowa ba.

Na naɗa wa jar wayar salatif mai kauri wuri uku, kusa da bakinta, na manna wani a gefen + na batirin. Don Allah kafin ka ɗaura, ka shafa da yatsa: mai tudu ta je wajen mai tudu.

Kai ka koya min ja na +, baƙa na −, tun filaya tana fin ƙarfin hannuna. Ba mai karɓe maka batirin nan, ko ni.

Amma ranar Laraba na ɗauki hutu, za mu je a duba idon nan. Ka ce wa Umma rakiya za ka yi min.

Injiniyarka