Injin motar Sani ya koma hanya

Yaya Hamidu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya zaman Abijan? Yaya Hajara da yara? Mu nan lahiya lau, in ban da Inna.

Motar da ƙanenmu Sani ya rasu yana tuƙinta ta lalace, amma injinta bai yi komai ba. Mai motocin da Sani ya yi wa aiki ya sa an ciro shi, an ɗora wa shuɗiyar motar da ke bin Madawa zuwa Buza. Ranar da na ji ƙararsa na ɗauka kunnena ne, sai na je garaji. Makaniken ya sunkuyar da kai ya ce, "Shi ne, Malam Isa. Ƙarhe bai san zaman makoki ba."

Inna ma ta gane tarin da injin yake yi in ya hau tudun Tama. Kullum da hantsi takan hito bakin zaure da kwanon hurar Sani, ta tsaya har ƙarar ta ɓace. Tana ta ramewa.

Na yi niyyar roƙon mai motocin ya sauya wa motar hanya, sai na kasa. Ina tsoron kada in raba Inna da abin da ya rage mata na Sani.

Ka ba ni shawara, ka sa ta cikin addu'a. Ka gai da Kawu Ila.

Ƙanenka,
Isa