Na Samo Kaset ɗin Mai Gyaran Takalma

Yerimaram, Potiskum
14 ga Agusta, 1996

Zuwa ga Basira, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan fari da ya sauka a busasshiyar gonata. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Yaya 'yarmu Fatimatuzzahra? Yau kwana ashirin da uku da tafiyarki Mamudo wanka, gidan nan ya yi min faɗi kamar filin idi bayan an watse.

Albishirinki: na samo kaset ɗinmu. Jiya da hantsi na bi ta shagon Saleh a kasuwa, na tarar yana fitar da tsofaffin kaya, sai ga shi a ƙasan kwali, takardarsa duk ta koɗe. Fim ɗin 'yan Caina, na gurgun nan mai gyaran takalma da ya rantse ba zai ƙara dukan kowa ba, har bos ya turo aka ƙona musu unguwa. Na dawo gida na saka. Hoton ya yi dishi-dishi, bakin akta yana motsi daban magana tana fita daban, jinin kamar jan fenti, wani ƙato ma yana faɗuwa tun kafin naushi ya same shi. Amma da ya ɗauki gudumarsa ya hau gada yana ɗingishi, wallahi tsigar jikina ta tashi kamar ban taɓa gani ba.

Kin tuna ɗakin yayanki Yunus a Dogo Nini, shekara biyar ke nan? Mu goma sha biyu muna kallon fim ɗin nan bayan azahar, zufa tana zuba. Kika kawo mana zoɓo, kika tsaya a bakin ƙofa da faranti, kika kasa tafiya. Mu muna ta ihu muna zuga akta, ke kuwa kina share hawaye da gefen mayafi saboda matarsa, wadda ta goya shi ta tsallake kogi da shi. Ran nan ban ga faɗan ƙarshe ba. Wa zai kalli gada alhali wata ya fito da rana tsaka?

Shekaru na yi ina kwaikwayon tsallen mutumin nan, ina ganin na san jarumta. Sai ranar da kika haihu na gane ban san ta ba: kwana biyu kina naƙuda, ni ina ƙarƙashin dalbejiyar asibiti, addu'a ma tana kakkarye min a baki. Na ɗauka na rasa ki, Basira. Da aka shigar da ni, ga ki ko hannu ba kya iya ɗagawa, amma tambayarki ta farko ko na ci abinci.

Ba zan gaggauta ki ba, Inna ta fi ni sanin abin da jikinki yake buƙata. Ki cika arba'in ɗinki, ki warke sarai. Raina a kwance yake, domin wadda nake jira tana numfashi, tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai awa ba. Jumma'a bayan masallaci zan biyo motar Sule da kilishi da kanwa, in zauna a zaure har a ba ni izinin ganinku.

Naki, yau da gobe, har ranar da 'yar nan za ta riƙe mu biyu ta tsallakar da mu titi,

Dabo